Yawon Yini a Zanzibar: A Duba Ruwa da Agogo Kafin a Karɓi Kuɗin Mutane

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana a kan wani abu da ya shafi sana'armu ta shirya wa mutane tafiya, wato yawon yini guda da ake sayar wa masu zuwa hutu tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya. Mutanenmu sun fara zuwa can sosai, ango da amarya, magidanta da iyalansu, har da 'yan kasuwa masu neman kwana uku ko huɗu na hutawa. Wurin ya cancanci zuwa, kuma ƙasar Musulmi ce da baƙo daga Kano ko Zinder ba zai ji kansa a bare ba. Abin da ke damunmu shi ne irin tallan da ake yi wa mutane, inda za a jera musu Tsohon Gari (tsohuwar unguwar birnin Zanzibar, wato Stone Town), da tsibirin kunkuru, da gonar kayan ƙamshi, da dajin birai, da bakin tekun Nungwi, a ce duk a yini ɗaya. Wanda ya san tsibirin ya san wannan ba zai yiwu ba sai dai a yi ta gudu a mota ana ɗaukar hoto ta taga.

Mu fara da nisa. Babban tsibirin, wanda mutanensa ke kira Unguja, tsawonsa ya kai kilomita 85 daga arewa zuwa kudu. Birnin Zanzibar yana yamma, a tsakiya. Daga birni zuwa Nungwi a ƙarshen arewa kusan kilomita 60 ne, tafiyar awa ɗaya da rabi idan hanya ta yi kyau. Dajin Jozani, wato dajin birai, yana kudu maso gabas, kilomita 35 daga birni. Paje tana gaba da shi a gaɓar gabas, kusan kilomita 50. Kizimkazi kuma tana can ƙarshen kudu. Wanda ya sa Jozani da Nungwi a yini ɗaya ya ɗora wa baƙonsa fiye da awa huɗu a cikin mota kafin a yi maganar tsayawa ko cin abinci. Rana kuwa a can ba ta jira: tsibirin yana kusa da tsakiyar duniya, hasken yini awa goma sha biyu ne kusan duk shekara, rana na faɗuwa wajen shida da rabi, kuma duhu na saurin rufewa. Hanyoyin ƙauye da dare akwai masu keke da babur marasa fitila, ga shi tuƙin hannun hagu ake yi. Saboda haka ƙa'idar farko ita ce kowane yini a fuskanci nahiya ɗaya: yinin birni da tsibiran da ke gabansa, yinin arewa, yinin kudu maso gabas.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ɓata wa mutanenmu rai, domin yawancinmu ba a bakin teku muka tashi ba: ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowane yini. Tsakanin cika da janyewa akwai awa shida da 'yan mintoci, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a kan na jiya. A gaɓar gabas, wato Matemwe, Kiwengwa, Bwejuu, Paje da Jambiani, ƙasan teku shimfiɗaɗɗe ne har zuwa jerin duwatsun murjani da suka tare igiyar ruwa daga nesa. Idan ruwa ya janye a nan, yakan yi nisan ɗaruruwan mitoci, a wasu wuraren ya wuce kilomita guda. Baƙon da aka nuna wa hoton shuɗin ruwa sai ya iso ya tarar da fili na jiƙaƙƙen rairayi da ciyawar teku, ya ɗauka an yaudare shi. Hoton gaskiya ne, lokacin ne aka kuskure.

Ga wanda ke bin kwanan watan Musulunci lissafin yana da sauƙi. Ruwa ya fi cika kuma ya fi janyewa a kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da wata ya cika, wato wajen 1 zuwa 3 da 14 zuwa 17. A irin waɗannan kwanaki bambancin zurfi tsakanin cika da janyewa na iya kai mita huɗu, kuma a Zanzibar janyewar kan faɗo ne da hantsi zuwa kusan tsakar rana, cikar kuma ta zo wajen la'asar. A kwanakin 7 zuwa 9 da 22 zuwa 24 motsin ruwan kaɗan ne. Don haka mai son wanka a Paje ranar sha biyar ga wata kada a kai shi ƙarfe goma sha ɗaya na safe. A kai shi Jozani da safe, ya ci abinci, ya yi azahar, ya shiga ruwa da yamma. Akwai jadawalin cikar ruwa na kowace rana a intanet da kuma a yawancin otal-otal, kyauta. Duk mai shirya yawo da bai buɗe wannan jadawali ba kafin ya tsara yini, bai yi aikinsa ba. Nungwi da Kendwa a arewa su ne suka fita daban, domin gaɓarsu tana da gangare, ruwa ba ya nisa, ana iya wanka kusan kowane lokaci. Mai yara ƙanana da ba ya son lissafi can ya kamata a kai shi.

Janyewar ruwa tana da nata haɗarin. Mutane kan bi ruwa da ƙafa har nesa, su manta cewa idan ya juyo yana cika ramuka da kwazazzabai na bayansu kafin ya iso inda suke tsaye. Da zarar lokacin janyewa ya cika, a juyo. Sannan a cikin duwatsun akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi a duk jikinta; wanda ya taka ta ƙayar kan karye a cikin tafin ƙafa, ba ta fita da sauƙi. Takalmin roba mai rufe ƙafa gaba ɗaya shi ne maganin abin, silifas ba ya isa. Idan an taka, a jiƙa ƙafar cikin ruwan zafi daidai yadda fata za ta jure, a cire wadda ta fito da hantsaki, kada a tona da allura ko reza, sauran a kai asibiti.

Na uku shi ne agogo. Zanzibar na gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, wannan kowa ya sani. Abin da ba a faɗa wa baƙi shi ne masu jin Swahili suna ƙirga awa daga fitowar rana. Ƙarfe bakwai na safe a wurinsu ƙarfe ɗaya ne, ƙarfe takwas kuma ƙarfe biyu, tsakar rana ƙarfe shida. Direba ko matuƙin kwale-kwale na iya cewa zai zo "ƙarfe biyu" yana nufin takwas na safe, ya faɗa da Turanci ba tare da ya juya lissafin ba. A sa a rubuta lokacin da lamba, a ƙara "na safe" ko "na yamma", a karanta wa juna.

Yanzu Tsohon Gari, wanda Hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Nan ne muke ganin an fi zaluntar baƙonmu, domin awa ɗaya ake ba shi, alhali wurin na buƙatar awa uku zuwa huɗu a ƙafa. Mota ba ta shiga yawancin lungunansa. A fara da ƙarfe takwas na safe kafin zafi, daga kasuwar Darajani da aka gina a 1904, lokacin da kifi ke isowa sabo. Daga nan a shiga lunguna. Gidajen an gina su ne da dutsen murjani da farar ƙasa, shi ya sa suke shan danshi suna fitar da shi; inda aka yi musu gyara da siminti danshin kan maƙale a ciki bango ya ruɓe, kuma wannan na cikin dalilan da tsofaffin gidaje ke faɗuwa. A ƙofar gidaje akwai dakali irin namu inda dattawa ke zama shan gahawa. Ƙofofin katako da aka sassaƙa iri biyu ne a bayyane: na Larabawa masu kusurwa huɗu, sau da yawa da ayar Alƙur'ani a samansu, da na Indiyawa masu baka a sama da manyan ƙusoshin tagulla. Ɗan jagora na gari zai tsaya ya nuna wa baƙo bambancin, ya bar shi ya karanta rubutun da kansa. Baƙonmu da ya yi makarantar allo zai karanta abin da Bature ba zai iya ba, kuma abin takaici ne a wuce da shi da sauri.

A bakin ruwa akwai Tsohuwar Ganuwa, wadda Larabawan Oman suka gina bayan sun kori Turawan Fotugal a ƙarshen ƙarni na 17. Kusa da ita Baitul Aja'ib yake, wanda Sarki Barghash ya gina a 1883, gini na farko da ya sami wutar lantarki a tsibirin. Wani ɓangarensa ya rushe ranar 25 ga Disamba 2020, aka shiga aikin gyara mai tsawo, don haka duk wanda aka sa wa "shiga Baitul Aja'ib" a cikin kuɗinsa ya nemi tabbacin a buɗe yake kafin ya biya. A wannan gaɓar ce jiragen yaƙin Ingila suka yi luguden wuta a kan fadar sarki ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai kai awa ɗaya ba. Sarki Sayyid Sa'id shi ne ya maido da fadarsa daga Maskat zuwa nan a 1840, zuriyarsa ta yi sarauta har juyin juya halin 12 ga Janairu 1964, sannan a 26 ga Afrilu na shekarar aka haɗe da Tanganyika aka sami Tanzaniya. Waɗannan ranakun tarihi su ne ƙashin bayan duk abin da ido zai gani a garin. Ɗan jagoran da ya rikita su bai kamata a ba shi baƙi ba.

Akwai wurin da wasu masu shirya yawo ke tsallakewa idan baƙin Musulmi ne, wai don akwai coci a kansa: tsohuwar kasuwar bayi a unguwar Mkunazini. An rufe kasuwar a 1873, aka gina cocin Angalika a filin. A nan ana nuna ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu ƙaramin rufi da 'yan tagogi, akwai gumakan tunawa da bayi a cikin rami da sarƙa a wuyansu, akwai kuma ɗakin baje tarihi mai bayani dalla-dalla. Ra'ayinmu a je. Mutanen da aka sayar a wurin 'yan Afirka ne da aka kamo daga can cikin ƙasa, har yankin tabkunan Tanganyika da Malawi da gabashin Kwango, kuma da guminsu aka noma kanumfarin da ya gina manyan gidajen nan. Wanda ya yaba ƙofa bai ga wannan ɗaki ba ya ga rabin gari ne. A ware masa minti 45. Masu ciwon numfashi da masu tsoron matsattsen wuri su tsaya a sama.

Hanyar da aka saba bi da baƙi an tsara ta ne don Turawa, shi ya sa ake ɓata lokaci a gidan da ake dangantawa da wani mawaƙinsu da shagunan tsaraba, a wuce masallatai ba a ko waiwaya ba. Tsohon Gari na da masallatai wajen hamsin. Masallacin Malindi yana da hasumiya mai tsini wadda irinta kaɗan ce a gaɓar gabashin Afirka. Garin ne kuma ya haifi Shehu Abdullahi Saleh Farsy, wanda ya fassara Alƙur'ani zuwa Swahili, kamar yadda Shehu Abubakar Gumi ya yi da Hausa. A gaya wa ɗan jagora tun daren jiya cewa ana son ganin masallatai da makarantun Alƙur'ani, zai sauya hanya.

Maganar salla tana buƙatar bayani, domin nan ma ana kuskure. Alƙibla a Zanzibar arewa take, kusan sak, saboda tsibirin yana kudu da Makka a kan layi kusan ɗaya. Mutuminmu da ya saba fuskantar gabas, idan ya tsaya a bakin teku ya duba inda rana ke fitowa ya kabbara, ya kauce. Yawancin mutanen tsibirin Shafi'awa ne: za a ji liman ya bayyana Bismillah a Fatiha, ya yi ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u. Akwai kuma Ibadawa 'yan asalin Oman masu sakin hannu a salla, da masallatan 'yan Shi'a na Indiyawa. Azahar na shiga wajen sha biyu da rabi. Ranar Juma'a shaguna da yawa na rufewa lokacin salla, don haka yinin birni ya dace da Juma'a idan an fara da wuri an ƙare a masallaci, amma yinin shiga teku bai dace da ita ba. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya daina ƙasaru, saboda haka mai hutun mako guda a otal ɗaya ya yi lissafinsa tun daga gida. A tsibiran rairayi babu ruwan daɗi sai wanda aka zo da shi. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi.

Bayan azahar za a iya tsallakawa Changuu, wanda ake kira Tsibirin Kurkuku, tafiyar minti 20 zuwa 30 a kwale-kwale mai inji. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai aka mai da shi wurin killace masu cutar shawara. Abin kallo a yau shi ne manyan kunkuru da asalinsu aka kawo guda huɗu daga Seshel a 1919. Wasunsu sun haura shekara ɗari. Awa ɗaya ta isa. Kada a bar yara su hau bayansu ko su sa yatsa kusa da bakinsu. Ana yawan haɗa Changuu da Nakupenda, wani tudun farin rairayi a tsakiyar teku wanda ke fitowa idan ruwa ya janye, ya nutse idan ya cika. Babu itace ko ɗaya a kansa, babu banɗaki, inuwa sai rumfar da matuƙa suka kafa. Idan ana son Nakupenda, jadawalin ruwa ne zai faɗi wanda za a fara zuwa, ba son ran direba ba, kuma a wannan yinin a haƙura da Tsohon Gari.

A kan kwale-kwale ba ma sassautawa. Yawancin mutanenmu ba su iya iyo ba, kuma kunya kan hana babban mutum faɗa. Kafin a taka jirgi a ƙirga rigunan ceto, kowa da tasa, a ga ta yara daban domin ta manya kan zame wa yaro ta ka. A ɗaure ta tun a gaɓa. A duba ko akwai man inji na komowa da wayar da ke da caji. Idan matuƙi ya ƙara fasinjoji fiye da yadda aka yi magana, a sauka. Mutanen Zanzibar ba su manta jirgin Spice Islander da ya nutse a Satumba 2011 da lodin da ya fi ƙarfinsa ba, kuma ba wanda zai ga laifin baƙon da ya ƙi hawa jirgin da ya cika. Daga Yuni zuwa Satumba iskar kudu na kaɗawa da ƙarfi, teku ya fi tashi da yamma, don haka a fita da safe a dawo da wuri. Mai jin jiri ya sha maganinsa kamar awa ɗaya kafin tashi, ya zauna tsakiyar jirgi, ya riƙa kallon nesa. Mata masu abaya ko dogon hijabi su sani yadi mai yawa idan ya jiƙe yana nauyi yana naɗe ƙafa. A tanadi kayan wanka masu rufe jiki waɗanda aka ɗinka don ruwa.

Yinin arewa ya fi sauƙi. Gonakin kayan ƙamshi na Kizimbani da Kidichi suna kan hanya, kamar rabin awa daga birni, awa biyu ta ishe su. Nan uwargida za ta ga kanumfari a kan itacensa, ɗanyen toho ne da ake tsinka kafin ya buɗe a shanya shi har ya yi baƙi. Kirfa ɓawon itace ce. Masoro kuwa yaɗo yake yi a jikin wani itace. Ga citta da gangamau a ƙasa, ga gyaɗar ƙamshi a cikin 'ya'yanta. Gonakin nan na nuni ne, yawancin kanumfarin da ake fitarwa waje a tsibirin Pemba ake noma shi. Kayan da ake sayarwa a bakin gona sun fi na Darajani tsada. A saya guda-guda maimakon gari, domin gari ana iya haɗa shi da wani abu kuma ƙamshinsa na saurin gudu. Yaran da ke saƙa wa baƙi hula da ganye da mai hawa kwakwa duk tukuici suke jira, a riƙe canji. A Kidichi akwai ɗakin wanka irin na Farisa da Sayyid Sa'id ya gina a 1850. Daga nan sai Nungwi, inda har yau ake sassaƙa jiragen ruwa na katako da hannu a bakin gaɓa. A tsaya a wurin masassaƙan minti talatin, a nemi izini kafin hoto.

Yinin kudu maso gabas a fara shi da Jozani ƙarfe takwas ko tara, lokacin da birai ke cin ganye a ƙasa-ƙasa. Dajin ya zama gandun ƙasa a 2004, kuma jan birin da ke cikinsa Zanzibar ce asalinsa kaɗai a duniya. Ma'aikacin gandun ne ke shiga da baƙi. A bar tazarar mita uku, kada a ba su abinci, mai mura ya ja baya domin suna ɗaukar cutar mutum. Akwai gadar katako da ke ratsa itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Duka yawon awa ɗaya da rabi ne. A Paje da Jambiani, idan ruwa ya janye, za a ga mata a cikin fili suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku. Noma ne, da shi suke ciyar da gida tun ƙarshen shekarun 1980, ana fitar da ita waje ana kuma yin sabulu da ita. Kada a taka igiyoyin. Wanda ya fi son tarihi a kan wanka ya zarce Kizimkazi Dimbani, inda akwai masallacin da rubutun Kufi (tsohon salon rubutun Larabci) na jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, daidai da 1107. An sake gina yawancinsa daga baya, amma rubutun na nan, kuma har yau ana salla a ciki. Wannan wuri ya fi kallon kifin dolfin da ake tallata Kizimkazi da shi, inda jirage da yawa kan yi ta bin dabbobin da gudu ana cewa baƙi su yi tsalle cikin zurfin teku. Ba mu ba wanda bai ƙware a iyo ba shawarar yin haka.

Yawon jirgin yadi daga Fumba zuwa mashigin Menai da tsibirin Kwale, inda akwai wata tsohuwar kuka, yini ne cikakke, ba a haɗa shi da komai. Mnemba kuma tsibiri ne na masu otal, ba a sauka a kansa. Abin da ake sayarwa kallon kifi ne a ruwan da ke kewaye da shi. A faɗa wa baƙo haka tun farko.

Sai maganar kuɗi da ɗan jagora. Hukumar yawon buɗe ido ta Zanzibar na ba 'yan jagora lasisi da katin shaida. A nemi gani. Samarin da ke tare baƙi a bakin teku da tashar jirgi suna tayin farashi mai sauƙi, amma araha ba ta ado: mafi yawansu 'yan la'ada ne, ba su da jirgi ba su da mota, idan wani abu ya faru ba wanda za a kama. Kafin a ba da kafin alƙalami a sa a rubuta lokacin ɗauka da na dawowa, da wuraren da za a tsaya da tsawon kowace tsayawa, da ko motar ta iyalin ce kaɗai ko ta haɗaka, da ko kuɗin shiga Jozani da Changuu da Mkunazini da kuɗin kiyaye teku suna ciki, da abinci da ruwan sha, da abin da za a mayar idan iska ko ruwan sama ya hana fita. Kuɗin ƙofa su ne aka fi ɓoyewa, sai an isa a ce baƙo ya biya. Kada kafin alƙalami ya wuce wani ɓangare na kuɗin, sauran a biya da safen tafiya, a karɓi rasit. A riƙe shilin Tanzaniya a aljihu, domin na'urar cire kuɗi a birni ta fi yawa, a ƙauyuka sai ɗai-ɗai, kuma masu canji na ƙin tsofaffin takardun dala da masu yagewa. A faɗa kuma a fili cewa ba a son giya a jirgi ko a tebur. Abincin yawon teku yawanci jatan lande ne da ƙaguwa da sauran halittun ruwa da cikinmu bai saba da su ba. Wanda bai taɓa ci ba ya ɗanɗana kaɗan, wanda jikinsa ke ƙaiƙayi ko kumburi da su ya nemi kaza ko kifi tun jiya, domin a tsakiyar teku asibiti na da nisa. A lambun Forodhani na bakin ruwan Tsohon Gari, inda ake sayar da abinci da dare, a zaɓi abin da aka gasa a gaban ido, a tambayi farashi kafin a ɗora a wuta.

Lokacin zuwa: daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu babban ruwan sama ne, otal na araha amma ana yawan soke fita teku. Yuni zuwa Oktoba akwai sanyi-sanyi da rani. Nuwamba ana ɗan yayyafi, Disamba zuwa Fabrairu zafi. A watan azumi gidajen abinci da yawa a gari na rufe da rana kuma ba a ci a bainar jama'a. A cikin gari da ƙauyuka hukuma na buƙatar baƙi su rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa. An hana shiga da leda a Tanzaniya tun Yunin 2019, kuma haramun ne a kwaso murjani ko ƙwaryar halittun teku a fita da su.

Daga ƙarshe, takardu, domin nan ne wasu 'yan uwanmu masu sana'a ke jefa mutane cikin asara. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Chadi ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai an nema tun daga gida an jira amincewar hukumar shige da fice, kuma hakan na iya ɗaukar makonni. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa, kada a biya kuɗin yawo, sai biza ta fito. Ana buƙatar katin allurar shawara. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar gwamnatin tsibirin ta dala 44, ko da yana da wata inshorar daga gida. Ana saye ta intanet kafin tashi a riƙe shaidar a waya da kuma a takarda. Muna roƙon masu tallan tafiya su sa waɗannan uku a saman tallansu, sannan su rubuta wa kowane baƙo jadawalin cikar ruwa na kwanakin da zai yi a can, kusa da jerin wuraren da suka yi alkawarin kai shi.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu sana'ar shirya tafiye-tafiye,
Kano.